Lamba Biyu da Suka Ci Biliyoyin Daloli

Mu da muka yi aikin rubuta manhaja a ƙarshen shekarun 1990 gadon matsalar muka ci. Magabatanmu na shekarun 1960 da 1970 sun saba rubuta shekara da lamba biyu, 65 a maimakon 1965, kuma suna da hujja. Katin da ake hudawa don shigar da bayanai gurbi 80 kacal gare shi, ma'adanar kwamfuta kuwa tsada gare ta ta fitar hankali. Ba wanda ya zaci manhajar albashin da ya rubuta da harshen kwamfuta na COBOL za ta kai shekara talatin tana aiki. Sai ga shi ta kai. Idan 99 ta juya ta zama 00, kwamfuta za ta ɗauka 1900 ce, lissafin fansho da kuɗin ruwa da ranar ƙarewar katin banki duk su birkice.

Bob Bemer, ɗaya daga cikin tsoffin masana harkar, ya yi gargaɗi tun 1971, aka yi kunnen uwar shegu da shi. Sai da Peter de Jager ya buga maƙalarsa a mujallar Computerworld a 1993 manyan kamfanoni suka fara farga. A 1998 Shugaba Clinton ya naɗa John Koskinen ya jagoranci shirin gwamnatin Amurka, ƙasar da aka ƙiyasta ta kashe wajen dala biliyan 100 a kan abin da aka sa wa suna Y2K.

Aikin kansa babu armashi a cikinsa ko kaɗan. Layi bayan layi ake bi ana neman duk inda kwanan wata ya ɓuya, kuma ba kullum yake amsa sunansa ba, domin wani ya raɗa wa gurbin sunan da shi kaɗai ya san ma'anarsa, ya yi ritaya ko ya rasu. A wasu wuraren ma asalin rubutun manhajar ya ɓata. Aka dinga kiran tsoffin masu COBOL daga gida da albashi mai tsoka, aka tura sauran aikin Indiya, inda Infosys da Wipro da TCS suka samu ƙofar shiga kasuwar Amurka da Turai. Bayan gyara sai gwaji: a tura agogon na'ura gaba zuwa daren 31 ga Disamba, a zuba ido. Sannan a gwada 29 ga Fabrairu 2000, saboda da yawa sun haddace cewa shekarar da ta ƙare da 00 ba ta da wannan ranar, sun manta da ƙa'idar cewa idan shekarar tana rabuwa da 400 ba saura, tana da ita.

Ga abin da ba mu cika faɗa ba. Gyara na gaskiya shi ne faɗaɗa gurbin zuwa lamba huɗu, amma yana cin lokaci da kuɗi. Mafi yawa faci aka yi: a gaya wa manhaja 00 zuwa 19 na sabon ƙarni ne, 20 zuwa 99 na tsoho. Shi ya sa a Janairun 2020 wasu na'urori suka wayi gari a 1920.

Daren ya zo ya wuce, jirage ba su faɗo ba. Shafin agogon rundunar sojan ruwan Amurka ya nuna shekarar 19100, aka yi dariya. Abin da ba na dariya ba ya faru a Sheffield ta Ingila, inda kuskuren lissafin shekarun mata masu juna biyu ya jawo aka ba fiye da 150 daga cikinsu sakamakon gwaji mara daidai. Masu cewa an zuzuta lamarin suna kafa hujja da Italiya, wadda ta kashe kaɗan kuma ta tsira. Zuzutawa kam an yi, musamman daga masu sayar da janareto da abincin gwangwani. Amma ni na ga lissafin da manhajar da ba a gyara ba take fitarwa a ɗakin gwaji, kuma ba banki ɗaya da zai iya buɗe ƙofa da shi.

Wata matsalar irin wannan tana nan tafe: na'urorin da ke ƙirga daƙiƙa tun daga 1970 a gurbi mai bit 32 za su cika ranar 19 ga Janairu 2038. Duk mai sayen na'urar da ake son ta yi shekara ashirin tana aiki, ya tambayi mai sayarwa wannan maganar kafin ya biya.