Wa Zai Gyara Rufin? Nazari a kan Ƙaramin Mai Gidan Haya a Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi mutumin da ya mallaki gida ɗaya ko biyu yake ba da haya a unguwannin Kano. An bi ta kan dokokin filaye da na haya, da hukunce-hukuncen fiƙihun Malikiyya, da rubuce-rubucen masana da suka gabata. Ra'ayin da aka kare shi ne, babban raunin wannan harka yana wajen gyara: ana shiga yarjejeniya ba tare da an faɗi wanda zai ɗauki nauyinsa ba, sannan hauhawar farashi da rabon gado su ƙara wa Borno dawaki.

Gabatarwa

Masu gidajen da suka fara jan hankalin masana a cikin al'ummar Hausawa su ne masu saukar fatake. Polly Hill ta yi rubutu a kan na Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya nuna a 1969 yadda mallakar gidaje a unguwar Sabo ta Ibadan ta zama tushen ikon masu gida a cinikin shanu da goro. Waɗancan manyan mutane ne masu yara da dillalai. Wanda wannan maƙala ta sa gaba daban ne: malamin makaranta da ya yi ritaya, ko ɗan kasuwar da ya tara a Kantin Kwari, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata ciki da falo huɗu a Kurna, Dorayi, Sheka ko Rijiyar Lemo. A wurinsu gidan haya shi ne fansho, kuma a irin gidajensu ne ƙaramin ma'aikaci da ɗan adaidaita da sabon ango suke samun wurin sa haƙarƙari.

Filin da ba shi da takarda

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma sa izininsa ya zama sharaɗi kafin a sayar ko a jinginar da filin da ke da shaidar mallaka. Amma gidaje da dama a bayan ganuwa an gina su ne a kan awon igiya, wato gonar da aka yayyanka aka sayar, shaidarta takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa. Irin wannan takarda tana da ƙarfi a unguwa, ba ta da shi a banki. Shi ya sa ake gini da kuɗin aljihu, yau bulo, baɗi rufi. Ƙaramin mai gida ba ya cikin bashin banki, wannan alheri ne. Sai dai ranar da katanga ta faɗi ba shi da ƙofar da zai buga ya ranci kuɗi da gidansa.

Kuɗin shekara da hauhawar farashi

Al'adar karɓar kuɗin shekara tun kafin a shiga ta zauna da gindinta a biranen Nijeriya, har Jihar Legas ta yi doka a 2011 ta hana karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ana yawan kallon al'adar a matsayin haɗamar masu gida. Akwai gaskiya a ciki, amma lissafin ya fi haka zurfi.

Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A ɗauka, a matsayin misali kawai, mai gida ya ware naira 100,000 daga kuɗin haya a Disamba 2023 don gyara. Shekara na zagayowa, abin da kuɗin zai saya bai wuce na kusan naira 74,000 ba. Ke nan mai tanadi shi ne ke asara, wanda ya kashe kuɗinsa nan take kuwa ya tsira. Siminti ma, wanda buhunsa ya haura naira 10,000 a wasu kasuwanni a farkon 2024, ba ya ajiyuwa, daskarewa yake yi. Kwanon rufi da bulo da bututu su ne ke jure ajiya, kuma mai gida mai dabara a cikinsu yake zuba tanadinsa. Wanda bai yi haka ba, damina za ta same shi hannu rabbana, kuɗin ya tafi a abinci da makarantar yara, ɗan haya kuwa yana ganin ya riga ya biya.

Abin da fiƙihu ya tanada

Abin mamaki, wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano. Malikiyya sun sharɗanta a san kuɗin haya a san wa'adinsa. A kan gyara, Muhtasar na Shaihu Halil, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14, ya tafi a kan cewa ba a tilasta wa mai gida ya gyara. Idan lalacewar mai cutarwa ce, kamar yoyon rufi, ɗan haya yana da zaɓi, ko ya zauna ko ya tashi. Wannan zaɓi yana da ma'ana inda ake biya wata-wata. Ga wanda ya biya shekara, ya biya la'adar dillali, ya yi fenti da kuɗinsa, ce masa ya tashi daidai yake da ce masa ya haƙura.

Sai dai littafin bai tsaya nan ba. Ya halatta a gindaya sharaɗi tun farko cewa ɗan haya ne zai yashe masai, ko kuma ya yi gyara da yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba a kansa. A ganina nan ne mafita take, kuma ita ce aka fi watsi da ita. Takarda shafi ɗaya, da Hausar boko ko ajami, a gaban shaidu biyu, za ta iya faɗin wanda zai yashe masai, wanda zai gyara famfon rijiya, yadda za a raba kuɗin wuta idan mita ɗaya ce, da iyakar abin da ɗan haya zai kashe a cire masa. Abin da ke hana rubuta ta sau da yawa kunya ce: wanda aka kawo ta hannun limami ko suruki, ya za a ce masa ya sa hannu? Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, kuma ga muminai aka yi ta.

Tashi da sulhu

Dokar Legas da ta Abuja sun ba mai hayar shekara notis na wata shida idan ba a yi wata yarjejeniya ba, sai na kwana bakwai kafin a shiga kotu. Cire ƙofa ko yaye rufi don korar ɗan haya ɗaukar doka a hannu ne, yana iya mayar da mai haƙƙi mai laifi. Tsawon hanyar kotu da tsadarta su ne ke sa ƙaramin mai gida ya fi son zauren mai unguwa, inda yakan yafe bashin wata biyu ko uku don a ba shi makullinsa.

Gidan gado

Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa mutuwar ɗan haya ba ta warware haya, haka kuma mazhabar take gani idan mai gidan ne ya rasu. Magada suna gadon gidan tare da alƙawarin da ke kansa. A aikace kuwa, kuɗin da mutum ɗaya yake karɓa sai ya koma rabo: tumuni ga matar mamaci idan akwai 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Kowa yana jiran kasonsa, babu kason da aka rubuta wa rufi. Idan magada suka wakilta mutum ɗaya a rubuce, suka yarda a cire na gyara kafin a raba saura, gidan zai ci gaba da ciyar da su. Idan ba su yi ba, ɗakunan sukan mutu ɗaya bayan ɗaya har a kira dillali a sayar da kango, kuma marayu da gwauruwar da ba su da wata hanyar samu su ne asarar ta fi dokewa.