Daga Kabad Zuwa Folda: Yadda Adana Fayil Ya Sauya a Maiduguri

Borno ta san ajiyar takarda tun kafin Turawa, domin fadar Shehu a Kukawa tana aika wasiƙu da Larabci ɗauke da hatimi. Amma fayil mai bango da lamba a goshi, da mulkin mallaka ya zo, bayan an kafa Maiduguri a 1907 kuma Shehu Bukar Garbai ya zauna a Yerwa. Da garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sannan ta Borno a 1976, sai ofisoshi suka yawaita, kowanne da ɗakin rajista, da akawu mai ba fayil lamba, da masinja mai yawo da shi daga tebur zuwa tebur. Idan aka ce fayil ɗin mutum ya ɓata, to ƙarin girmansa ko fanshonsa ne ya tsaya.

Wannan tsarin ne masu ƙera kwamfuta a Amurka suka kwaikwaya. A 1981 kamfanin Xerox ya fito da na'urar Star mai nuna hoton folda a kan allo, Apple ya biyo da Finder a 1984. A 1986 Norton Commander ya zo da wata dabara: allo ya rabu biyu, inda za a ɗauko a gefe, inda za a ajiye a ɗaya gefen. Microsoft ya saka File Manager cikin Windows 3.0 a 1990, ya maye gurbinsa da Explorer a Windows 95. Kafin nan sunan fayil a Windows ba ya wuce harafi takwas, sai uku na nau'insa, shi ya sa tsofaffin ma'aikata har yau suke guntule suna kamar ana sayar musu da haruffa.

Yawancin mutanen Maiduguri ba su zaɓi manhajar sarrafa fayil ba. Wadda suka tarar a kwamfuta ita suka riƙe. Shagunan buga takardu da suka kewaye Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, da Ramat Polytechnic, a kan Windows XP na 2001 suka yi ƙarfi. Ɗalibi zai kawo aikin kammala karatunsa a faifan filofi da bai kai megabait biyu ba, mai shago ya buɗe folda da sunansa. Wanda ya taɓa aikin ofis yakan ƙara shekara da sashe. Wanda bai taɓa ba kuwa sai ya zube komai a fuskar allo, ranar da ɗalibin ya dawo gyara a shiga laluben "babi na uku" guda goma.

Filash ne ya fara tilasta wa mutane neman wata manhajar. Tafiyarsa daga shago zuwa shago ta yaɗa bairos ɗin nan da ke ɓoye folda ya bar hotonta na bogi, a danna a ga wayam. Explorer, yadda aka saita shi daga kamfani, ba ya nuna ɓoyayyen fayil. Masu gyara suka gano cewa aikin yana nan, sai su leƙa filash ɗin ta WinRAR, ko ta Total Commander, wadda Christian Ghisler na ƙasar Siwizalan ya fara fitarwa a 1993 bisa tsarin allo biyu na Norton. Ɗalibai da yawa ta haka suka tsira daga sake buga shafi ɗari.

Masu tura waƙa, wa'azi da finafinan Kannywood a memori, irin na Kasuwar Jagwal, su ne a ganina gwanayen tsara folda a garin, duk da ba a kiran su masana. Mai saye yana tsaye, dole a gano karatun malami kaza cikin dubban fayiloli nan take, don haka suka ware komai bisa suna da harshe: Hausa, Kanuri, Indiya. Da aka katse layukan waya a Borno a watan Mayun 2013 lokacin dokar ta-ɓaci, abin da ke cikin kwamfuta da memori shi kaɗai ya rage a hannu.

Sai a 2022 Windows 11 ya bai wa Explorer damar buɗe folda da yawa a taga ɗaya. Ga mai 'yan takardun ofis ko makaranta, wannan ya wadatar. Mai kwashe fayiloli da yawa kullum tsakanin faifai biyu shi ke bukatar manhaja mai allo biyu. Sai dai babu ɗaya cikinsu da ke ajiye kwafi na biyu da kanta. Ambaliyar dam ɗin Alau a Satumban 2024 ta cinye takardun kabad da kwamfutocin shaguna tare, kuma waɗanda suka samo ayyukansu su ne masu kwafi a wani wurin da ruwa bai kai ba.