Tafiye-tafiyen Binciken Turawan Ingila a Teku

Tafiye-tafiyen binciken Turawan Ingila a teku sun kankama ne a 1497, lokacin da John Cabot, mutumin Italiya, ya tashi daga Bristol da izinin Sarki Henry VII ya isa gaɓar Arewacin Amurka. Kwaɗayin kayan yaji na Asiya da neman masu sayen tufafin ulu ne suka ingiza su. Fotugal da Sifaniya sun riga sun raba hanyoyin kudu da yarjejeniyar Tordesillas ta 1494, shi ya sa Turawan Ingila suka nufi arewa, inda ƙanƙara ta yi ta tare jiragensu. Richard Chancellor, da ya bi ta arewa a 1553, bai kai Sin ba, amma ya buɗe ciniki da Rasha.

Wasu tafiye-tafiyen sunan bincike kawai suka ara. Francis Drake, da ya kewaya duniya daga 1577 zuwa 1580, ya yi ta fashin jiragen Sifaniya a hanya. John Hawkins kuwa ya kwashi bayi daga gaɓar Saliyo a 1562 ya sayar a tsibirin Hispaniola.

Tafiye-tafiyen sun share fagen kafa Kamfanin Gabashin Indiya a 1600 da garin Jamestown a 1607, inda baƙin suka shiga ƙwace filayen mutanen Powhatan, 'yan asalin yankin.