ALHERIN ALLAH YA FI ZUNUBI YAWA: DARASI DAGA TARIHIN JOHN NEWTON

Yayin da ikilisiyarmu take murnar cika shekara 50, ya kamata mu tuna da tushen da muke tsaye a kai. Cikin Romawa sura 5, Manzo Bulus ya koyar cewa komai yawan zunubin mutum, ba zai rinjayi alherin Allah ba. Tarihin John Newton shaida ne ga wannan koyarwa.

An haifi Newton a birnin Landan a 1725. Mahaifiyarsa mai bi ce, amma ta rasu yana ƙaramin yaro. Ya soma aikin jirgin ruwa yana da shekara 11, ya tashi da taurin kai da saɓo. A 1745 ya shiga hidimar wani mai fataucin bayi a gaɓar Saliyo, inda shi kansa ya sha wulakanci kamar bawa.

A watan Maris 1748, a hanyarsa ta komawa Ingila, hadari ya kusa nutsar da jirginsu. A nan ne ya yi kuka ga Allah domin jinƙai. Amma bai bar mugun aikinsa nan da nan ba. Daga 1750 zuwa 1754 ya yi tafiya uku yana shugabancin jirgin bayi, yana kwashe 'yan Afirka cikin sarƙa. Rashin lafiya ce ta raba shi da teku.

Duk da haka Allah bai yashe shi ba. A 1764 aka naɗa shi limami a garin Olney, inda ya rubuta waƙar nan da ake kira Amazing Grace. A 1788 ya wallafa ɗan littafi, ya furta laifinsa a fili, ya bayyana muguntar cinikin bayi. Ya ƙarfafa William Wilberforce a yaƙinsa cikin majalisa, har aka haramta cinikin a 1807, shekarar da Newton ya rasu.

Amfanin tubansa ya iso ƙasarmu. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar CMS a 1799. Ita ce ta horar da Samuel Ajayi Crowther, yaron da aka ƙwato daga jirgin bayi a 1822, wanda ya zama bishop a 1864. Ita ce kuma ta aiko da Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, ya yi babban aiki wajen fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

'Yan'uwa, alheri ba ya mai da zunubi ƙaramin abu. Bayin da Newton ya sayar ba su dawo gida ba, shi ma bai manta da su ba har mutuwarsa. Amma kada wani a cikinmu ya ce laifinsa ya wuce gafara, kada kuma ikilisiya ta rufe ƙofa ga ɗan'uwan da ya fāɗi. Allah wanda ya yi haƙuri da Newton shekaru masu yawa bai sāke ba. Ɗaukaka ta tabbata gare shi. Amin.