Peter Jones da Ƙwayoyin Gadon da Aka Kulle

A shekarun 1970, hankalin masu binciken ciwon daji ya karkata ne ga lalacewar rubutun DNA. Mu da muka shigo fagen daga baya mun tarar da wata fahimta ta daban, kuma Peter Jones, haifaffen Afirka ta Kudu, yana sahun gaba cikin waɗanda suka share mana hanya.

Akwai wani sinadari, 5-azacytidine, da aka haɗa a birnin Prague a 1964 don kashe ƙwayoyin cutar daji. Jones da abokan aikinsa suka zuba shi a kan ƙwayoyin tayin ɓera da suke rainon su a ɗakin gwaji, sai wasunsu suka rikiɗe suka zama tsoka. Da wani ne, da ya ce gurɓata ce ya zubar. Shi kuwa ya bi diddigi. A 1980, a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, shi da Shirley Taylor suka nuna dalili: sinadarin yana hana manna wa DNA wata ƙaramar alama mai suna metil. Alamar nan kamar kwaɗo ce a ƙofa. Ɗakin lafiya lau, shiga ce ba hali.

Daga nan abubuwa suka kankama. A 1983, Andrew Feinberg da Bert Vogelstein na Johns Hopkins suka gano cewa alamar ta ragu a ƙwayoyin daji. Daga baya Stephen Baylin da James Herman suka nuna ɗaya gefen: tana taruwa a kan ƙwayoyin gadon da ke taka wa ƙari birki, irin su p16, ta kulle su.

Amfanin bai tsaya ga daji ba. A farkon shekarun 1980 an ga 5-azacytidine yana farfaɗo da sinadarin jinin jarirai a jikin masu sikila, abin da ya buɗe hanyar gwada maganin hydroxyurea da majinyatanmu ke sha yau.

Sai a 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da azacitidine, wato 5-azacytidine ɗin nan, don wata cutar ɓargo da kan rikiɗe ta zama dajin jini. Shekara 24 ke nan bayan binciken Jones da Taylor. Gyaran rubutun da ya lalace yana da wuya, amma abin da aka kulle ana iya buɗe shi, kuma a kan wannan muke aiki har gobe.