Agogon Hasumiya a Majami'un Ingila

Tun kafin talakan Ingila ya mallaki agogon aljihu, lokacinsa yana rataye ne a hasumiyar majami'ar garinsu, domin a can Nasara suka aza agogon da manomi da maƙeri da attajiri suka yi tarayya a cikinsa, kuma jama'ar gari ce ke ɗaukar nauyin gyaransa. Na farkon ma don kunne aka ƙera su: wanda ke babbar majami'ar Salisbury, da ake danganta shi da shekarar 1386, ba shi da fuska ko hannu, iyakarsa ya buga ƙararrawa idan sa'a ta cika. Ko da fuska ta zo, hannu guda ya wadatar, kamar yadda har yau ake gani a ƙauyen Coningsby, alhali na garin Rye, wanda aka kafa wajen 1561, bai fasa tafiya ba.

Amma abin da ya fi cancantar a yi masa tsokaci shi ne hidimar da ke bayan fuskar, gama a wancan zamani nauyi ne rataye da igiya yake juya ƙafafun ƙarfen, kuma lalle ne mai hidimar majami'a ya hau matakala, ko da sanyi ko da ruwa, ya naɗe igiyar, sa'an nan, da yake agogon yakan yi gaggawa ko jinkiri, ya dubi inuwa a lokacin zawali ya daidaita shi. Wanda ya san aikin muwaƙƙitai, masu ƙididdigar lokutan salla, a masallatan Dimashƙa da Alƙahira ba zai raina wannan amana ba. Ma'anar daidaita agogo da inuwa kuwa ita ce kowane gari da tasa tsakar rana, gwargwadon inda Allah Ya ajiye shi gabas ko yamma, har Bristol takan kasance bayan Landan da kimanin minti goma.

Jirgin ƙasa ne ya kawar da wannan saɓani, saboda jadawalinsa ba ya jure lokuta barkatai. Kamfanin jirgin ƙasa na Great Western ya ɗauki lokacin Landan a 1840, doka kuma ta wajabta na Greenwich a 1880. A ganina maslaha ce ta haƙiƙa, ko da yake an biya ta da tsada, domin daga nan mai hidima ya bar duban inuwa, ya koma tambayar agogon tasha.