Wane ne Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa?

Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, na cikin hafsoshin da suka miƙa mulki ga farar hula a 1979. Bayan shekara 18 kuma ya rasu a gidan yarin gwamnatin soja.

An haife shi a Katsina ranar 5 ga Maris, 1943. Mahaifinsa, Matawallen Katsina Musa 'Yar'aduwa, minista ne a Jamhuriya ta Farko. Ya yi horon soja a Sandhurst da ke Ingila, sannan ya fafata a yaƙin basasa, ciki har da gumurzun Anaca.

Bayan juyin mulkin 1975, Janar Murtala Muhammed ya naɗa shi kwamishinan sufuri na tarayya. Da aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, sai aka ɗaga shi daga laftanar kanar zuwa birgediya, ya zama na biyu ga Janar Obasanjo yana da shekara 32. Ya yi ritaya lokacin da Shehu Shagari ya karɓi mulki.

Daga nan ya shiga siyasa. A 1992 shi ne kan gaba a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar SDP, amma Janar Babangida ya soke zaɓen. A taron tsara kundin mulki na zamanin Janar Abacha, ɓangarensa ya matsa a yanka wa sojoji wa'adin sauka a Janairun 1996. A Maris 1995 aka kama shi bisa zargin yunƙurin juyin mulki, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri.

Ya rasu yana tsare a Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997. Ƙanensa Umaru ya zama shugaban ƙasa a 2007.